Kwamitin Walimar Gauɗe

A wani daji mai yawan gauɗe, a gefen wani tafki da ba ya ƙafewa, an yi wata 'yar halitta mai suna Furera. Asalinta dangin malam-buɗe-littafi ce, amma ba irin masu lallausan fukafukan nan da ke yawo kamar iska ta ɗauko tsumma ba. Ita jikinta kakkaura ne mai gashi-gashi, kore daga sama, ruwan ɗorawa daga ƙasa, ga wata 'yar wutsiya a baje. In ta kaɗa fukafukanta ido ba ya ganinsu, sai dai kunne ya ji zuuu. Tana da dogon harshe da take nannaɗewa kamar gammo, sai ta zo gaban fure ta warware shi. Abin da ta fi so a duniya shi ne ta tsaya cak a cikin iska, ba reshe ba madogara, ta sha ruwan fure, sannan ta ja da baya ba tare da ta juya ba. Sau da yawa ba yunwa ke sa ta yin haka ba, daɗin abin ne kawai.

Wata rana da hantsi, farkon damina, tana tsaye a iska harshenta cikin furen gauɗe, sai ga Cilakowa ya sauka a reshen da ke kusa. Cilakowa shi ne magatakardan Majalisar Tsuntsaye. Dogon bakinsa ya tare masa rabin duniya, don haka abin da yake gani kaɗan ne, abin da yake rubutawa da yawa. Yana rataye da kundin rajista na ɓawon itace, kuma damuwa ce ta fito da shi. Kujerar Wakilin Ƙananan Tsuntsaye ta yi wata biyar babu kowa a kanta, domin duk ƙaramin tsuntsun da aka naɗa, da zarar ya lura kujerar tana dab da ta Shaho, sai ya tuna yana da mara lafiya a gida.

"Salamu alaikum, baiwar Allah," in ji Cilakowa. "Ke wace irin tsuntsuwa ce?"

Harshen Furera na can cikin fure, ba halin amsawa. Abin da ya ji kawai shi ne zuuu.

"Madalla." Ya buɗe kundi ya rubuta: tsuntsuwa, ƙarama, ba ta da surutu. "Tashi dai na ga kina yi. Wannan dogon abin kuma baki ne, ba tantama. Kina yin ƙwai?"

Furera ta zaro harshenta. "Ina yi mana. Shekaranjiya ma na yi ashirin da uku."

Gaskiya ta faɗa. Suna nan ƙanana, koraye, manne ɗai-ɗai a bayan ganyen gauɗen da yake tsaye a kai.

"Ashirin da uku! Tabarkalla. Tashi, baki, ƙwai. Sharuɗɗan zama tsuntsu uku ne, kin cika su duka. Gobe da hantsi a gamji, ranki ya daɗe."

Furera ta yi niyyar ce masa an yi kuskure. Wallahi ta yi niyya. Amma ya riga ya ce ranki ya daɗe. Tun da ta zo duniya, magana mafi daɗi da wani ya taɓa yi mata ita ce ta wani ƙudan zuma da ya ce mata matsa can. Wani jiri mai daɗi ya kwashe ta. Cilakowa na tashi ta yi sama, ta dawo, ta zagaye gauɗen sau bakwai da baya da baya tana gaya wa furanni, ɗaya bayan ɗaya, cewa ranta zai daɗe.

A kan wani ƙaton gamji Majalisar ke zama, mambobi arba'in da ɗaya. Shugabanta Burtu ne, baƙi, mai jan maƙogwaro da murya kamar ana buga tambari cikin rijiya. Saboda nauyinsa ba ya iya hawa sama, don haka tuntuni aka zartar da doka cewa reshen da ya fi kusa da ƙasa shi ne mafi tsawo a bishiyar. Duk mai son girma sai ya yi ta neman hanyar saukowa.

Matsalar Furera ɗaya ce, ƙafafu. Shida gare ta. Ta naɗe huɗu ta cusa cikin gashin cikinta, ta gwada tsayuwa kan biyu, ta ga faɗuwa za ta yi. Sai ta haƙura da zama, ta tsaya a iska saman kujerarta tun daga buɗe taro har rufewa. Shaho ya gwada kallonta ta gefen ido sau biyu, wuyansa ya gaji.

"Ku dubi tarbiyya," in ji Burtu. "Yarinyar nan ba ta zama a gaban manya."

Daga ranar tauraronta ya fara haske. In an nemi ra'ayinta kan wata magana, tsoron kada ta yi kuskure sai ya sa ta yi shiru, fukafukanta su yi ta zuuu. Masu goyon baya su ji ta ce e, masu adawa su ji ta ce a'a, kowa ya tafi yana yaba hangen nesanta. Cikin mako guda aka sauko da kujerarta reshe biyu. Kurciya ta fara gaishe ta tun daga nesa. Har wani carki ya roƙe ta ta sa baki a rikicinsa da surukinsa, ta yi masa zuuu, ya tafi yana cewa bai taɓa jin nasiha irin wannan ba.

Ana cikin haka ƙwayayenta suka ƙyanƙyashe. Tsutsotsi ashirin da uku, koraye shar, kowanne da ɗan ƙaho guda a gindinsa, ƙahon da ba ya suka, ba ya cizo, ba ya komai sai tsayuwa. Aikinsu ɗaya ne, ci. Kullum in an tashi daga taro Furera takan garzayo ta ba su labari.

"Yau Shugaba da kansa ya ambaci sunana sau biyu!"

"Sannu, Inna," in ji su, baki cike da ganye.

Akwai wani a cikinsu da ta raɗa wa Tumbau, saboda dalilin da ido ke gani. Shi ko sannun ba ya yi, wai tana ɓata masa loma.

Ranar da abin ya juya, Burtu ne ya gyara murya ya yi jawabi.

"Ya ku 'yan Majalisa masu daraja. Bana Majalisar nan ke cika shekara arba'in. Shekara arba'in muna zama, muna tashi, muna sake zama. Waɗanda suka gabace mu sun zauna, mu ma mun zauna, kuma da yardar Allah na bayanmu za su zauna. Ba mu taɓa tashi daga taro ba tare da mun sa ranar wani taron ba, wannan kuwa ba kowace majalisa ke iya faɗin haka ba. Saboda haka na ga ya dace mu yi walima nan da kwana uku. Abin da ya rage shi ne abin da za a ci."

Hankaka ya ɗaga fiffike. Shi ne mai yawan tambaya a Majalisar, kuma ba a son shi, domin sau da yawa yakan yi daidai.

"Allah ya ja zamanin Shugaba. A gauɗen bakin tafki na ga tsutsotsi koraye, masu ƙiba, jikinsu har sheƙi yake yi. Ban taɓa ko ɗaya ba. Na ce wannan rabon Majalisa ne."

Aka yi ta tafi da fukafukai. Burtu ya ce sai a kafa kwamiti, kuma wa ya san gauɗen nan kamar Wakiliyar Ƙananan Tsuntsaye, wadda kullum can ake ganinta? Nan take aka naɗa Furera shugabar Kwamitin Walima, aka ba ta Hankaka da Balbela da Suda mambobi, Cilakowa kuma mai rubutu. Aka tambaye ta ko ta amince. Fukafukanta suka yi zuuu, aka rubuta ta amince da farin ciki.

Ba ta san yadda ta isa gauɗen ba.

"Ku dakata da ci, ku saurare ni! Kwana nawa ya rage ku shiga ƙasa?"

Haka al'adar irinsu take. In tsutsa ta ƙoshi iyakar ƙoshi, sai ta sauko daga bishiya, ta tona ƙasa ta shige, ta yi barci cikin kwasfa, daga baya ta fito da fukafukai. Tsuntsu ba ya samun wanda ke ƙarƙashin ƙasa. Amma ba a yi wa abin gaggawa.

Babbarsu, Gwamma, ta auna cikinta. "Kwana goma sha biyu, Inna. In an matsa, sha ɗaya da rabi."

"Walima kuma saura kwana uku."

"Walimar me?" in ji Tumbau, wanda kalmar ce kaɗai ta shiga kunnensa. "Da mu za a je?"

"Da ku za a je," in ji Furera. "Ku ci. Ku ci kamar ba ku taɓa ci ba."

Ta tsaya a iska tana lissafi. Kwana tara take nema. Ba ta da ƙarfi, ba ta da dafi, ba ta da dangi masu faɗa. Sai ta tuna tana da kwamiti.

Washegari a zaman farko ta yi magana da bakinta, abin da ya sa Suda ta kusa faɗowa daga reshe.

"'Yan'uwa, kafin mu ci gaba, akwai wata 'yar magana da ke damuna. Tsutsotsin nan suna da ƙaho. Ni ƙarama ce, ban san doka sosai ba, amma na ji an ce duk mai ƙaho yana ƙarƙashin Majalisar Dabbobi. Kada mu ci talakawan shugabansu Ɓauna, a wayi gari ya zo ya jingina da gamjinmu."

Idon Cilakowa ya yi haske. Bai taɓa jin matsala mai daɗi irin wannan ba. "Sai an rubuta wasiƙa," in ji shi.

"Ba ni in kai," in ji Hankaka. "Kafin ku gama gaisawa na dawo."

"Subhanallahi!" Cilakowa ya dafe ƙirji. "Tsakanin majalisa da majalisa, manzo ɗaya ne tun kaka da kakanni, Hawainiya. Kana so a ce mun raina su?"

Aka ba Hawainiya wasiƙa. Ta ɗaga ƙafar gaba, ta yi tunani, ta ajiye. Furera ta raka ta da ido har ta kai ƙarshen reshe, kuma hakan kaɗai ya cinye yinin ranar. Daɗi ya hana Furera tsayawa wuri ɗaya. Ta yi ta shawagi bisa tafki tana kallon inuwarta a ruwa, tana ce wa kanta, ashe haka mulki yake, ashe ba wuya!

Kwana biyar Hawainiya ta yi kafin ta dawo, duk da cewa Ɓauna yana kiwo ne a ɗaya gefen tafkin, ana ma hango shi. Amsar ta ce Majalisar Dabbobi ta zauna, ta duba, ta gano cewa ƙahon da ke baya ba ƙaho ba ne, wutsiya ce mai buri, don haka a ci lafiya.

Saura kwana shida. A nan ne dabara ta juyo wa mai ita. Hankaka ya ce tun da an daɗe ana jira, ya kamata kwamiti ya tura tawaga ta duba ko abincin yana nan da ingancinsa. Cilakowa ya riƙe Furera a gamji wai sai ta sa hannu a takardar izinin tafiyar, kwafi uku. Kafin ta gama na biyu, tawagar ta riga ta dawo tana goge baki a jikin reshe.

Ta iske goma sha tara a gauɗen. Sun daina ci, sun maƙale a bayan ganye, kowa ya ɗaga ɗan ƙahonsa da ba ya komai.

"Sun ce dubawa za su yi, Inna," in ji Gwamma. "Mai baƙaƙen kayan nan ya duba biyu. Mai fararen kaya ta duba ɗaya, mai surutun ta duba ɗaya."

Furera ta sauka a kan ganye da ƙafafunta shida, karo na farko cikin kwanaki. Ta ƙirga su, ta sake ƙirgawa daga ɗaya gefen, ko lissafin zai canza. Babu Tasalla, babu Nomau, babu Ladiyo, babu ɗan ƙaramin da ko suna ba ta gama zaɓa masa ba. Ranar ba ta sha ruwan fure ba.

Rahoton tawagar ya ce abincin ya nuna alamun inganci, amma ana buƙatar ƙarin dubawa. Furera ta ce ba za a sake dubawa ba sai an nazarci rahoton farko, Cilakowa ya mara mata baya, domin shi bai ga dalilin da za a ci wani abu alhali akwai takardar da ba a karanta ba. Daga nan ta wuce gaban cikakkiyar Majalisa da tambaya ta biyu, muryarta ƙasa-ƙasa.

"Allah ya ja zamanin Shugaba. Tsutsa goma sha tara ce, mu kuma arba'in da ɗaya ne. Ina neman a haska mini, wa zai fara ci, wa kuma zai yi kallo?"

Gamjin ya fashe da hayaniya. Gauraka ya ce mai kambi a ka ba ya bin layi. Ungulu ta ce ta girmi kambin da mai kambin, kuma ta halarci jana'izar kakansa, ta ma yi aiki a wurin. Balbela ta ce a duba tufafi, walima ta masu tsabta ce. Mujiya ta farka ta goyi bayan wanda ya yi magana a ƙarshe, ta koma barci. Aka kafa ƙaramin kwamiti kan shekaru, wani kan tsawon wuya, na uku kuma don ya sasanta biyun. Kwana ɗaya ya wuce, biyu, huɗu, biyar. Kullum da yamma Furera takan koma gauɗe ta iske 'ya'yanta sun ƙara kumbura, ta ji dariya da kuka suna tasowa tare.

Da safiyar kwana na goma sha biyu suka fara sauka. Gwamma ce gaba, launinta ya soma komawa ruwan ƙasa. Ɗaya bayan ɗaya suka bi jikin itacen, suka ratsa busassun ganyaye, suka tona, suka ɓace. Furera na sama tana ƙirgawa tana juyi a iska. Sha shida, sha bakwai, sha takwas.

Ta ɗaga kai. Tumbau na can ƙololuwa, rungume da ganye.

"Tumbau! Sauko!"

"Inna, saura ganye ɗaya da rabi."

"Ka bar shi!"

"In na bar shi wa zai ci?"

Ba ta kai ga amsawa ba ta ji tambarin muryar Burtu daga nesa. Ashe haƙurinsa ya ƙare da sassafe, ya rushe ƙananan kwamitocin uku, ya ce yau za a yi walima, in an je can Allah ya raba. Ga su nan tafe a jere, Shugaba na takawa a ƙasa, don haka kowa ma a ƙasa yake takawa, har masu gajerun ƙafa da ke tuntuɓe cikin ciyawa. Suka kewaye gauɗen, tsuntsaye arba'in, suka ɗaga kai. Ganyaye duk a ɓule, rassa fayau, sai tsutsa ɗaya tal a sama tana tauna.

"Ina sauran?" in ji Burtu.

Hankaka ya fito tsakiya. Ya daɗe yana jiran wannan rana.

"Allah ya ja zamanin Shugaba, ni zan faɗa. Kwana goma sha biyu ina kallon baiwar Allah nan. Ba ta taɓa zama ba. Ba ta taɓa rera waƙa ba. Ban taɓa ganin gashinta ko ɗaya ya faɗo ba, ban san inda sheƙarta take ba. Ita ta kawo maganar ƙaho, ita ta kawo maganar wa zai fara ci, kuma kowace magana ta ci mana kwanaki. Ba na zargin kowa. Abin da nake roƙo kawai, ta sauka a kan reshen nan a ƙirga ƙafafunta."

Furera ta dubi Tumbau. Ya gama ɗaya, ya kama rabin. Ta dubi Shaho, wanda ya fara miƙe wuya. Sai ta sauka a hankali a tsakaninsu, ta warware ƙafafunta gaba ɗaya. Suda ta ƙirga da ƙarfi, ta kai shida, ta yi salati.

"Haka ne," in ji Furera. "Ni ba tsuntsuwa ba ce, ranku ya daɗe. Ban taɓa cewa ni tsuntsuwa ce ba, amma ban taɓa cewa ba ita ba ce, domin gaisuwarku ta yi mini daɗi, kuma har yanzu tana yi mini. Wancan da ke sama ɗana ne. Goma sha takwas da kuke nema 'ya'yana ne, sun tafi inda ba za ku same su ba. Huɗun da aka duba su ma nawa ne. Ku yi yadda kuka ga dama da ni, amma ku bar shi ya gama ganyensa."

Jan maƙogwaron Burtu ya kumbura ya saɓe. Shi ne ya yabi tarbiyyarta a bainar jama'a. Shi ne ya sauko da kujerarta reshe biyu. Ya juya wajen magatakarda.

"Me kundi ya ce?"

Cilakowa ya buɗe ya karanta. "Tsuntsuwa, ƙarama, ba ta da surutu. Da hatimin Shugaba a ƙasa."

"Kundin nan ya taɓa yin kuskure?"

"Shekara arba'in, ko sau ɗaya, ranka ya daɗe."

"Amma ga ƙafafu shida!" in ji Hankaka. "Ga su nan kowa na gani!"

"Sharuɗɗa uku ne," in ji Cilakowa. "Babu ƙafa a ciki."

"To ita da bakinta ta ce ba tsuntsuwa ba ce!"

"Tawali'u ne," in ji Burtu. "Mun san ta da shi."

Nan Ungulu, wadda ta san doka saboda yawan jiran da take yi, ta yi gyaran murya. Ta ce in Wakiliya tsuntsuwa ce, to ɗanta ɗan tsako ne. Kuma doka ta ce duk mamban da ya ci ɗan tsakon mamba, korarsa za a yi daga gamji har abada. Ta ce ita ba ta ambaci sunan kowa ba, amma ta ji an yi maganar dubawa.

Balbela ta ƙara fari. Suda ta cusa kai cikin fiffike. Hankaka ya ja da baya. Burtu ya yi taku uku gaba, uku baya, sannan ya tsaya ya yanke hukunci.

"Majalisa ta saurari kowa. Majalisa ta tabbatar cewa Wakiliyar Ƙananan Tsuntsaye tsuntsuwa ce, kamar yadda take tun farko. Majalisa ta tabbatar cewa 'ya'yanta 'yan tsaki ne, kuma wannan ya fara aiki daga hantsin yau. Abin da aka duba kafin yau, abinci aka duba. Ba wanda ya yi kuskure, ba wanda ya yi laifi. A rubuta."

Aka yi ajiyar zuciya arba'in a lokaci guda. Furera ta matso kusa da Cilakowa.

"Malam, ka rubuta sunayensu. Tasalla, Nomau, Ladiyo, da wani ƙarami."

Cilakowa ya duba kundin sama da ƙasa, ya juya bayansa. "Ki yi haƙuri, ranki ya daɗe. Babu gurbin wannan."

Ta faɗi sunayen ita kaɗai, a hankali, ga ganyen da ke gabanta.

Daidai lokacin Tumbau ya haɗiye lomar ƙarshe, ya yi gyatsa, ya kamo hanyar sauka. Bai san sauri ba, kuma ba ranar zai koya ba. Ya bi reshe, ya bi gindin itace, ya iso ƙasa tsakiyar tsuntsaye arba'in masu jin yunwa, yana girgiza ƙiba, ɗan ƙahonsa a tsaye. Tun da ɗan mamba ne, al'ada ta tilasta a yi barka.

"Allah ya raya," in ji Gauraka, yana kallon sama.

"Tabarkalla, kamar uwarsa," in ji Balbela, yawu na ɗiga.

Hanyar Tumbau ta bi ta kan ƙafar Hankaka, kuma bai ga dalilin kaucewa ba. Ya hau yatsa na farko, ya huta, ya hau na biyu. Hankaka ya rufe ido yana motsa baki. Da Tumbau ya sami ƙasa mai laushi sai ya juyo ya dubi taron.

"Inna, wai ina walimar?"

"Shiga!" in ji Furera.

Ya shiga. Ƙasa ta rufe a kan ɗan ƙahon. Furera ta yi sama kamar an harba ta, ta wuce kan gauɗen, ta wuce kan gamji, ta juyo da baya da baya, ta ratsa tsakanin ƙafafun Gauraka, ta shiga fure ta fito da garin fure har gira, tana dariya tana zuuu, ƙafafu shida a warwatse ba ta ɓoye ko ɗaya ba. Cilakowa ya rubuta cewa shugabar kwamiti ta gabatar da rawar gargajiya.

Walima kuwa an yi ta. An ci jawabai bakwai, an sha ruwan tafki, an watse da la'asar. A zama na gaba Burtu ya ce bai taɓa ganin kwamitin da ya yi aiki da tsari irin wannan ba, ya nemi a ƙara wa Wakiliya wa'adin shekara huɗu, aka amince baki ɗaya, har da Hankaka. Furera ta yi godiya. Ba ta ga amfanin gaya musu cewa irinta ba sa ganin ƙarshen damina ba. Ta koma gauɗe ta yi sauran kwanakinta tana shan fure, tana tsayawa a iska bisa wani ɗan wuri mai laushin ƙasa, tana ba shi labarin abin da aka ce a taro.

Kujerarta tana nan har yau da sunanta a jiki, kuma Cilakowa ya shaida cewa a duk ƙuri'ar da aka kaɗa tun daga lokacin, ba ta taɓa saɓa wa Shugaba ba.